Yadda ake kwatanta ƙasa da ƙasa ba tare da an yaudari kai ba

Duk sanda aka tayar da muhawarar me ya sa ƙasa kaza ta ci gaba ƙasa kaza ta tsaya, amsoshi biyu ne ke riga kowa fitowa. Wani ya ce ai su sun dace da shugaba mai kishi. Wani ya ce ai halin mutanensu ne, ba su da ƙyuya, ba su san ha'inci ba. Shi ke nan sai a rufe magana, kowa ya watse yana jin ya gane duniya. Ni dai waɗannan amsoshi ba sa gamsar da ni, domin babu ƙasar da ba ta taɓa samun mai kishi ba, babu kuma wadda ba ta da ɓarayi. Abin da zan shimfiɗa maka shi ne hanyar da nake bi idan na ɗauki ƙasashe biyu ina son sanin inda suka rabu. Ba sai kana da digiri ba. Takarda da biro da intanet da ɗan haƙuri sun isa.

Zaɓen waɗanda za a kwatanta

Yawancin kwatance tun a nan yake lalacewa. Mutum zai ɗauko Singafo ya ɗora ta a kan ƙasa mai mutum miliyan ɗari biyu, yana tambayar me ya hana wannan ta zama kamar waccan. Singafo birni ne guda a kan tsibiri, mutanenta wajen miliyan 6, tana zaune a bakin ɗaya daga cikin mashigan ruwa mafi cunkoson jiragen dakon kaya a duniya, kuma kusan ba ta da ƙauye balle manomi. Darasin da za ka ɗauko daga gare ta na tafiyar da birni ne, ba na tafiyar da ƙasa mai jihohi da harsuna ba.

Nemi biyun da suka taso daga wuri ɗaya, ta yadda bambancin da ya rage tsakaninsu zai zama kaɗan, har ka iya ƙirga shi. Koriya biyu su ne misalin da ba shi da na biyu. Al'umma ɗaya ce, harshe ɗaya, tarihi ɗaya, aka ja layi a tsakiyarta a 1945, aka gwabza yaƙi daga 1950 zuwa 1953. Yau ta Kudu na sayar wa duniya motoci da jiragen ruwa da wayoyin Samsung, ta Arewa kuwa yunwa ta kashe mata jama'a masu ɗimbin yawa a shekarun 1990. Duk mai cewa halin mutane ne, sai ya gaya mana wane hali ne ya sauya a daidai wannan layin. Haka Jamus ta Gabas da ta Yamma kafin su haɗe a 1990.

Sannan ka kula da shekarar da ka fara ƙirga, don a nan ma ana maguɗi. Da a 1965 ka yi wannan kwatance, da wataƙila ka ce ta Arewa ce ke gaba, saboda yawancin manyan masana'antu da madatsun samar da lantarki da Japan ta bari a can suke. Ajantina kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya tana cikin ƙasashe goma mafi arziki idan aka raba dukiyar kan kowane mutum, Turawan Italiya da Sifaniya na ta kwarara can neman abinci. Daga 1930 zuwa 1976 sojoji sun kifar da gwamnati har sau shida, a 2001 kuma ta kasa biyan bashin da ke kanta. Idan ba ka ɗauki aƙalla shekara 30 ko 40 ba, abin da kake aunawa farashin mai ne ko damina, ba tsari ba.

Kada alƙaluma su yi maka wayo

Kowa na gudu wajen ma'aunin GDP, wato jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara. Yi amfani da shi, amma ka san ƙiyasi ne da wasu ma'aikata suka zauna suka haɗa. A 2010 Gana ta sabunta yadda take lissafin, tattalin arzikinta ya ƙaru da sama da kashi 60 cikin 100 a dare ɗaya. A 2014 Najeriya ta yi irin haka, nata ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa biliyan 510, ta wuce Afirka ta Kudu ba tare da aljihun kowa ya ji ba. Ailan ta sanar da haɓakar kashi 26 cikin 100 na shekarar 2015, alhali manyan kamfanonin waje ne suka mayar da rajistar kadarorinsu can saboda sauƙin haraji. Ikwatoriyal Gini kuwa, bayan ta samu mai, ta taɓa wuce Polan a lissafin kuɗi kan kowane mutum, amma jeka ka duba yawan yaran da ke mutuwa kafin su kai shekara biyar.

Don haka a takardarka, gefen GDP, ka rubuta abubuwan da ke da wuyar ƙawatawa: mutuwar ƙananan yara, yawan lantarkin da mutum ɗaya ke amfani da shi, yawan 'yan mata a sakandare, kason ma'aikatan da har yanzu ke gona. Duk suna nan kyauta a rumbun bayanan Bankin Duniya da na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda na fi so a cikinsu shi ne jerin kayan da ƙasa ke fitarwa waje. Ka duba na yau, ka duba na shekara 30 baya. In jerin bai sauya ba, ɗanyen kayan da ake fitarwa a da shi ake fitarwa yanzu, to ƙasar ba ta sauya ba, ko da babban birninta ya cika da dogayen gine-gine.

Ina baitulmali ke samun kuɗi?

In da za a ce in bar maka tambaya ɗaya tak, wannan ce. Buɗe kasafin kuɗin ƙasar, ka tsallake shafukan alkawura, ka tafi shafin kuɗin shiga. Kashi nawa ne daga harajin albashi da ribar kamfanoni da cinikin jama'a? Kashi nawa daga rijiyar mai ko ramin ma'adinai? Kashi nawa bashi ne ko tallafin waje? Gwamnati na sauraron wanda ke ciyar da ita. Wadda ke rayuwa da harajin jama'a dole ta damu da ko kasuwarsu na tafiya, domin in sun talauce ita ma ta talauce, kuma dole ta zauna ciniki da su. Wadda ke da rijiya kuwa kamar magidanci ne da ya gaji gidajen haya: ko ya gaisa da maƙwabta ko bai gaisa ba, ƙarshen wata kuɗinsa na shigowa.

Majalisun dokoki da ake taƙama da su yau ba daga kyawun zuciyar sarakuna suka fito ba, daga buƙatar kuɗin yaƙi suka fito. A Ingila an kori Sarki James na Biyu a 1688, dokar 1689 kuma ta haramta wa sarki karɓar haraji ba da yardar majalisa ba. Abin mamaki, ɗaure hannun sarki ya ƙara wa gwamnati ƙarfi, domin masu kuɗi sun daina tsoron a cinye musu bashi. A 1694 aka kafa Bankin Ingila ya ranta wa gwamnati fam miliyan 1.2. Faransa ta fi Ingila jama'a nesa ba kusa ba, amma sarakunanta sun saba ƙin biyan bashi, manyan fadawa da malaman coci kuma sun kuɓuta daga yawancin haraji. Da asusu ya ƙafe, har da kuɗin da aka kashe wajen taya Amurka yaƙin neman 'yanci, Sarki Louis na 16 ya kira taron wakilan ƙasa a 1789, taron da rabon a yi shi tun 1614. Ya kira su ne su ba shi kuɗi, suka karɓe mulkin.

Idan ka ga ƙasa mai arzikin ƙarƙashin ƙasa, tambayi wanne ya riga zuwa, arzikin ko hukumomin. Norway ta gano mai a Ekofisk a 1969, lokacin ta shekara tamanin da wani abu gwamnatinta na amsa tambayar majalisa, tana da hukumar haraji mai aiki da jaridun da ba sa tsoron minista. Ta ɗora wa ribar mai harajin kashi 78 cikin 100, ta kafa asusu a 1990, kuɗin farko ya shiga a 1996, ana zuba shi a ƙasashen waje, kuma ƙa'ida ta taƙaita abin da gwamnati ke ɗiba a shekara, da kashi 4 ne, a 2017 aka mayar da shi 3. Benezuwela kuwa man ya ɓarke mata a 1922 a hannun Juan Vicente Gómez, wanda ya riƙe ƙasar kamar gonarsa daga 1908 har ya mutu a 1935. Kafin a gina hukumomi an riga an gina al'adar rabo. Ko dimokuraɗiyyar da ta samu daga 1958 da kuɗin mai aka riƙe ta, shi ya sa da farashi ya faɗi aka ƙara kuɗin man fetur da na mota a 1989, Karakas ta kama da wuta, shekara tara bayan nan Hugo Chávez ya ci zaɓe.

Har yanayin da ma'adinin yake kwance a ƙasa yana da tasiri, abin da masu muhawara ba su cika kawowa ba. Botswana da Saliyo duk lu'ulu'u gare su. Na Botswana yana can cikin dutse mai zurfi a Orapa da Jwaneng, ba mai iya taɓa shi sai da manyan injuna, don haka ƙofa ɗaya ce, gwamnati na iya zama a bakinta ta ƙirga. Na Saliyo da yawa a bakin rafukan Kono yake, mai shebur da rariya ma na iya samu, kuma dutsen da zai sayi bindigogi yana ɓuya a cikin baki. Wannan bai wanke shugaban Saliyo Siaka Stevens ba, wanda ya mayar da harkar hanyar sayen magoya baya daga 1968 zuwa 1985, amma yana cikin dalilan da yaƙin 1991 zuwa 2002 ya samu abin ci. A ɗaya ɓangaren kuma ga abin da Seretse Khama, shugaban Botswana na farko, ya yi. Botswana ta samu 'yanci a 1966 da kwaltar da ba ta wuce kilomita 12 ba. A 1967 aka yi dokar da ta ɗauke ikon ma'adinai daga hannun masarautu ta ba gwamnatin tsakiya, alhali Orapa a yankin ƙabilarsa ta Bangwato take. Wato mutanensa ne suka fara yin asara. A nan na yarda shugaba ya yi tasiri, amma lura da irin tasirin: doka ya kafa da ta ɗaure har shi kansa.

Kuɗin ma'adinai na da wata illa da ba ruwanta da sata. Idan dala ta yi ta kwarara, kuɗin ƙasa sai ya yi tsada, kayan waje su yi arha, manomi da mai masana'anta su kasa gogayya. Masana na kiran wannan ciwon Holan, saboda abin da ya biyo bayan gano iskar gas a Groningen a 1959. Don ganin yadda ake kamuwa da yadda ake kaucewa, ɗauki Indonesiya da Najeriya: duk masu yawan jama'a, duk masu mai, duk a hannun soja a shekarun 1970, duk kuma cin hanci ya yi musu katutu. Kamfanin man Indonesiya, Pertamina, ya kusa durƙusar da ƙasar da bashi a 1975. Amma gwamnatin Suharto ta karya darajar kuɗinta a 1978 da 1983 da 1986 don kare masu fitar da kaya, ta zuba kuɗin mai a taki da noman rani da hanyoyin karkara, ta gina makarantun firamare sama da 60,000 cikin 'yan shekaru, a 1984 ta kai ga ciyar da kanta da shinkafa. Najeriya ta riƙe naira da tsada har 1986. A farkon shekarun 1960 ita ce kan gaba a duniya wajen manja, yau Indonesiya ce. Ba tsarkin Suharto ya jawo haka ba. Ya hau mulki ne bayan zubar da jini da hauhawar farashi mai tsanani, ya san cewa ƙauyen tsibirin Jaba mai jin yunwa na iya cin kujerarsa.

Ƙasar da ba ta da rijiya ma tana iya mayar da manomanta rijiya. Hukumar sayen koko ta Gana ta daɗe tana biyan manomi ɗan kaɗan daga farashin duniya, gwamnati na riƙe sauran. Manoma suka daina dasa sabbin itatuwa, wasu suka riƙa tsallakar da buhunansu Kodebuwa, kafin ƙarshen shekarun 1970 maƙwabciyar ta ƙwace mata matsayi na ɗaya.

Gona a hannun wa take, rance kuma wa ake ba?

Ana yawan cewa Gana da Koriya ta Kudu kusan kuɗin shiga ɗaya gare su a 1960. Ko da haka ne, duba abin da lissafin bai nuna ba. A lokacin kusan kowane yaro a Koriya yana firamare, kuma an riga an raba gonaki. Dokar da ta fara aiki a 1950 ta hana gida ɗaya mallakar fiye da wajen hekta uku, manomin da ke haya ya zama mai gona, yana biya da amfanin gona cikin shekara biyar. Tsoro ne ya sa aka yi, domin ta Arewa ta raba nata tun 1946 kuma labari na tsallako iyaka. A Taiwan ma an yi tsakanin 1949 da 1953, abin ya zo da sauƙi saboda masu mulkin baƙi ne da suka gudo daga babban yankin Sin, ba su da dangi cikin masu manyan gonaki. A Filifin kuwa masu gonakin su ne 'yan majalisa. Ko shugabar da ta sa hannu a dokar raba gonaki ta 1988, Corazon Aquino, danginta ne masu katafariyar gonar rake ta Hacienda Luisita. Saboda haka idan ka ga gyaran da kowa ya san yana da amfani amma an ƙi yi, kada ka ce jahilci ne. Rubuta sunan rukunin da zai yi asara, ka duba kujerun da suke riƙe.

Sai batun Park Chung-hee na Koriya ta Kudu, wanda masu son mulkin ƙarfa-ƙarfa ke kafa hujja da shi. Ya yi juyin mulki a 1961, ya karɓe bankuna, ya riƙa ba wasu 'yan kamfanoni rance mai sauƙi. Har nan babu abin da ya bambanta shi da kowane mai kama-karya da abokansa. Bambancin shi ne sharaɗin: sai ka sayar a kasuwar waje. Duk wata yakan jagoranci taron duba alƙaluman fitar da kaya, wanda ya gaza a janye masa rancen. Ba za ka iya ba mai saye a Amurka cin hanci don ya karɓi rediyo marar kyau ba, don haka alƙalin yana wajen da fada ba ta isa. Kayan da suke fitarwa sun tashi daga dala miliyan 100 a 1964 zuwa biliyan 10 a 1977. A kowace ƙasa ka tambaya: wanda gwamnati ta fifita, me zai same shi idan bai yi aikin ba?

Kuma in za ka ƙirga masu kama-karya, ƙirga su duka. A shekarar 1965 Mobutu ya karɓi Kongo, Marcos ya ci zaɓe a Filifin. Ƙara Idi Amin, ƙara Ne Win na ƙasar Bama (Myanmar ta yau), ƙara gidan Kim na Koriya ta Arewa. Mao na Sin ma cikakken iko gare shi lokacin da yunwar 1959 zuwa 1961 ta kashe miliyoyin mutane masu yawa, babu jaridar da ta isa ta faɗa, jami'ai kuma na ta aiko da rahoton girbi na ƙarya. Mulkin mutum ɗaya caca ce, masu tallata shi kuwa waɗanda suka ci kawai suke nuna maka.

Wane gyara aka fara, kuma wa ya rage a tsaye?

Sin da Rasha duk sun bar tsarin da gwamnati ke yanka farashin komai. A ƙarshen 1978 magidanta 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka raba gonar gandu a ɓoye, kowa ya noma nasa. Da girbi ya yi kyau, jam'iyya ta kau da kai, daga baya ta mayar da abin doka. Hatsin ƙasar ya tashi daga wajen tan miliyan 305 a 1978 zuwa sama da miliyan 400 a 1984. Aka bar farashi biyu: ka cika kason gwamnati a farashinta, rarar ka sayar a kasuwa. Aka ware Shenzhen da wasu garuruwa uku a 1980 don gwaji. Rasha ta saki farashi gaba ɗaya a Janairun 1992, kaya suka ninka fiye da sau ashirin a shekarar, a 1995 aka miƙa manyan kamfanonin mai da ƙarafa ga 'yan tsirarun masu bankuna a kan rancen da kowa ya san ba za a biya ba.

Kafin ka yanke cewa a hankali ya fi gaggawa, sako Polan. Ita ma gaba ɗaya ta saki a Janairun 1990, ta sha wuya shekara biyu, ta farfaɗo a 1992. To ashe ba sauri ba ne kaɗai. A Polan kotu da hukumar haraji ba su rushe ba, ga kuma ƙofar Tarayyar Turai da ta shiga a 2004 tana tilasta mata gyara dokokinta. A Rasha daular ce kanta ta wargaje. Sin kuma ta fara ne da ɗimbin manoma da sakin su kawai ya isa ya kawo haɓaka, Rasha ba ta da wannan rarar, ma'aikatanta na cikin masana'antun da ba mai son kayansu. Ka riƙa yin haka kullum: da ka ji ka samo ƙa'ida daga ƙasashe biyu, nemo ta uku da za ta ƙaryata ka.

Yadda za ka gane ko sauyin mulki zai ɗore

Gwamnatoci ba su cika faɗuwa ranar da suka fi zalunci ba, sun fi faɗuwa ranar da suka kasa biyan waɗanda ke riƙe da su. Farashin mai ya karye a 1986, Aljeriya ta yi tarzoma a 1988, Tarayyar Sobiyet ta watse a 1991. A Benin, Mathieu Kérékou ya kasa biyan albashi wata da watanni, ya kira taron ƙasa a Fabrairun 1990, taron ya ƙwace ikon, ya faɗi zaɓe a 1991. Suharto ya shekara 30 da wani abu, kuɗin ƙasarsa ya rushe a rikicin Asiya na 1997, a Mayun 1998 ya sauka. In kana son hasashe, bi albashin soja da na ma'aikata da farashin burodi da man fetur.

Faɗuwar tsoho daban, tsayuwar sabo daban. A nan abu biyu nake dubawa. Na farko, me soja ke da shi da zai rasa? Sojan Masar na da masana'antu da filaye da kamfanonin gine-gine, ya bar Mubarak ya tafi a 2011, ya kifar da Morsi a 2013. Na Tunisiya ƙarami ne, an daɗe da nesanta shi da siyasa da kasuwa, shi ya sa ta kai ga kundin tsarin mulkin 2014. Amma aikin yi bai samu ba, kuma a Yulin 2021 zaɓaɓɓen shugaba Kais Saied ne da kansa ya rufe majalisa, jama'a da yawa na tafi.

Na biyu, me ke samun wanda ya faɗi? Idan barin kujera na nufin kurkuku ko kabari, ba mai bari. Sifaniya bayan mutuwar mai kama-karya Franco a 1975 ta yi afuwa ga kowane ɓangare a 1977, ta halatta jam'iyyar kwaminis, kuma wanda ya jagoranci sauyin, Adolfo Suárez, ɗan cikin gidan tsohuwar gwamnatin ne. Akwai ɗaci a ciki, don waɗanda aka azabtar ba su ga shari'a ba, amma da wasu jami'an tsaro suka mamaye majalisa a Fabrairun 1981 ba su samu mabiya ba, a 1982 jam'iyyar Soshalis ta karɓi mulki lafiya. Koriya ta Kudu ta bi wani jeri: zanga-zangar 1987 ta tilasta zaɓen kai tsaye, tsohon janar Roh Tae-woo ya ci saboda 'yan adawa sun rabu, sai a 1996 aka yanke wa shi da wanda ya gada, Chun Doo-hwan, hukunci, a ƙarshen 1997 aka yi musu afuwa, daidai lokacin da Kim Dae-jung, wanda soja suka taɓa yanke wa hukuncin kisa, ya ci zaɓe.

Kada yawan zaɓe ya ruɗe ka. Jam'iyyar PRI ta Meziko ba ta fasa zaɓe ba, ta shekara 71 ba ta sauka ba sai a 2000. Ƙirga sau nawa jam'iyya mai mulki ta faɗi ta tattara kayanta. Gana ta yi a 2000, ta sake a 2008 da ratar ƙuri'a wajen 40,000 kacal, sannan 2016 da 2024. Botswana, duk da yabon da ake mata, sai a 2024 ta fara cin wannan jarrabawar.

Shafi na ƙarshe a takardarka na abin da ya zo daga waje ne, domin ba ƙasar da ta tashi ita kaɗai a ɗaki. Koriya ta Kudu ta sha tallafin Amurka, ta samu kwangiloli a yaƙin Biyetnam, kamfanin ƙarafa na POSCO kuma da kuɗin da Japan ta bayar bayan yarjejeniyar 1965 aka gina shi, bayan Bankin Duniya ya ga aikin ba zai yi riba ba. Bangaladash ta fi ba ni ciwon kai. Daga 2001 zuwa 2005 ita ce ke zuwa ta ƙarshe a jerin Transparency International na cin hanci, siyasarta gaba ce tsakanin gidaje biyu, ga juyin mulki ga ambaliya. Bisa duk abin da na lissafa a sama bai kamata ta motsa ba. Amma ƙasashen Yamma sun ƙayyade yawan tufafin da Koriya za ta shigar musu, sai kamfanin Daewoo ya nemi ƙasar da ba a sa wa ƙa'idar ba. A 1979 ya haɗa gwiwa da wani kamfani mai suna Desh, aka kai ma'aikata 130 Koriya suka koyo aikin, yawancinsu daga baya suka fita suka buɗe nasu. Yau tufafi sun haura kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa, miliyoyin mata na karɓar albashi, haihuwa ta ragu zuwa wajen yara biyu ga kowace mace. A wannan harka ta tufafi ce kuma ginin Rana Plaza ya rufta a 2013 ya kashe sama da mutum 1,100, saboda hukumar da ya kamata ta duba ginin ta gwamnatin nan ce dai da ke ƙasan jerin cin hanci. Idan ka zo cike takardar Bangaladash, rubuta duka biyun, sannan ka koma jerin kayan da take fitarwa ka ga ko akwai na biyu da ke tasowa bayan tufafi.